Daga Gobarau Zuwa Hanyar Dutsin-ma

Ranar da ɗiyar yayata ta samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a Katsina, gardamar da aka yi a gidanmu ta fi guɗar da aka yi yawa. Kakarta ta ce ita fa ba ta gane ba: ga yaron maƙwabta nan, wata uku ya yi a shagon buga takardu ya iya kwamfuta, har shi ke cike wa 'yan unguwa fom ɗin JAMB, to me za a zauna shekara huɗu ana koyo? Mahaifinta kuwa aikin jinya ya so ta karanta, domin a ganinsa ma'aikaciyar jinya ba ta zaman jiran aiki. Ni na tsaya mata har aka bar ta ta tafi. Tun daga nan abin ya tsaya mini a rai, domin wanda ya ce a tafi, shi ya kamata ya bi sawu ya ga inda aka sauka. Da hunturu ya kankama, tana aji uku, na shirya na nufi ta Dikko ɗakin kara.

Motar KTSTA na hau daga Kano da sanyin safiya. Hanyar ba baƙuwa ba ce ga Bakano: Dawanau da rumbunan hatsinta, Bici, Tsanyawa, sai Gidan Mutum Ɗaya inda masu tallar rake da dafaffen ƙwai ke rufe tagogin mota, sannan Kankiya da Caranci. An gama girbi, karan dawa a jingine a gonaki, hazo ya sauko har ba a hango nesa. Wajen Lambar Rimi ne dogayen injinan iska suka fara fitowa ta cikin hazon. Guda 37 ne, an tsara su ba da megawat 10 na lantarki, kuma tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka fara maganarsu, aikin ya yi shekaru yana tafiya yana tsayawa. Wani dattijo da ke gefena ya nuna su da haɓa ya ce, "Iskar dai Allah Ya ba mu ita kyauta." Na yi ta kallonsu har muka wuce. Daga baya na ga cewa duk ɗalibin kwamfutar da na zauna da shi a Katsina, sai ya yi mini maganar wuta kafin ya yi maganar littafi.

Mun shiga gari ta Ƙofar Ƙaura. Na sauka a gidan gwaggonmu, inda yarinyar take zaune, aka kawo fura mai sanyi duk da hunturun, domin Bakatsine ba ya tarbar baƙo da hannu rabbana. Bayan an gaisa an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na ce ta kawo mini abin da suke karantawa. Ta shiga ɗaki ta fito da tarin littattafan rubutu ta ajiye a kan tabarma.

"Kawu, duba da kanka," in ji ta.

Na buɗe na farko, lissafi. Na biyu, lissafi. Na uku, fizik. Sai a na huɗu na ga abin da ya yi kama da harshen na'ura, shi ma da biro aka rubuta shi.

"Shekarar farko kusan duk haka take," ta ce. "Akwai 'yan ajinmu da suka zaci da an zo za a ba kowa kwamfuta ya yi ta dannawa. Da suka ga allo cike da lissafi, tun zangon farko wasu suka fara neman canjin kwas."

Ai kuwa tun a ƙofar shiga ake nuna wa mutum haka, domin mai neman wannan fanni sai ya rubuta lissafi da fizik a jarrabawar JAMB, ban da Ingilishi da ya zama dole ga kowa. Ta ci gaba da nuna mini: ga darasin yadda ake jera bayanai a cikin na'ura don a same su da sauri, ga na rumbun bayanai, ga na yadda kwamfutoci ke magana da juna ta waya da ta iska. Wani shafi ya tsayar da ni. Jadawali ne na gaskiya da ƙarya: in magana ta farko gaskiya ce, ta biyu ƙarya ce, to me haɗinsu zai bayar? Na ce mata ai wannan manɗiƙi ne, irin wanda malaman zaure ke karantar da manyan almajirai. Ta ce malaminsu ma haka ya faɗa, kuma a kan wannan jadawalin aka gina duk wata na'urar lissafi, daga ƙaramar wayar hannu har manyan kwamfutocin banki.

Da gari ya waye muka tari mai Napep muka fita ta Ƙofar Ƙwaya. Wanda yake so ya ga inda Katsina ta zuba jarinta, ya bi hanyar Dutsin-ma da safe. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina tana kan hanyar, Kwalejin Ilimi ta Tarayya tana kai, Jami'ar Alƙalam da aka kafa a 2005, wadda jama'ar Musulmi suka gina da kansu, ita ma tana nan. Can gaba wajen Batagarawa ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 2006 da sunan Jami'ar Jihar Katsina, aka sauya mata suna a 2009. Shi mai sunan, kafin siyasa ta ɗauke shi, malamin kemistiri ne. In aka miƙe da hanyar har ƙarshe, a Dutsin-ma akwai jami'ar tarayya da aka kafa a 2011. Samari da 'yan mata ne cike da titi, a Napep, a kan babura, a bas, kowa da jaka a baya, da yawa sun rufe hanci da takunkumi saboda ƙura. Mai Napep ɗin ya ce mini, "Malam, in aka yi hutun makaranta, mu ma hutun dole muke yi."

A ƙarƙashin wata darbejiya na zauna da ɗaya daga cikin masu koyar da fannin, mutum mai sanyin magana wanda alli ya ɓata wa hannun riga. Na kawo masa tambayar kakar yarinyar yadda ta yi ta, ban rage komai ba. Bai yi dariya ba. Ya ce tambaya ce mai kyau, kuma iyaye da yawa suna da ita a ciki, kunya ke hana su furtawa.

"Malam, bari in ba ka misali," ya ce. "Rajistar katin ɗan ƙasa ta NIN ta haura mutum miliyan 100. A ce an ba ka ita, aka ce ka nemo lamba ɗaya. In kana duba lamba guda a kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, kana iya shafe fiye da shekara uku. To amma a ce an jera lambobin daga ƙarama zuwa babba. Sai ka buɗe tsakiya ka tambaya: wadda nake nema tana sama ko tana ƙasa? Ka ajiye rabin da ba ta ciki. Ka sake buɗe tsakiyar abin da ya rage, ka sake ajiye rabi. Tambaya 27 ta ishe ka ka kai ga mutum ɗaya a cikin miliyan ɗarin nan. Yaron shagon buga takardu ya iya amfani da abin da wani ya gina, kuma sana'a ce mai albarka. Mu wanda zai gina muke so mu fitar, wanda zai san dalilin da ya sa wata hanya ke cin shekara uku, wata ke cin ƙiftawar ido."

Na lissafa da kaina a bayan takarda, ina ninka biyu sau biyu har sau 27, na ga ta wuce miliyan 134. Wannan ita ce amsar da na rasa ranar da ake gardama a gida. Kimiyyar kwamfuta horar da tunani ce: a ɗauki matsala a warware ta mataki-mataki, a tsara matakan yadda ko wanda ba ya da hankali ko kaɗan, wato na'ura, zai bi su bai ɓata ba. Na'urar da ake dannawa yau za ta tsufa, harshen da ake rubuta manhaja da shi zai sauya, daga Java zuwa Python zuwa wanda ba a ƙirƙiro ba tukuna. Tsarin tunanin shi ke zama da mutum.

Da la'asar na shiga cikin tsohon gari na nufi Gobarau, tare da yarinyar da wani ɗan ajinsu. Hasumiyar ƙasa ce mai tsawon kusan mita 15, ana danganta ta da ƙarni na 15, zamanin da Shehu Magili ya ratso ƙasar Hausa. A da wurin masallaci ne kuma makaranta, a garin da daga baya ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Yara na wasa a gindinta, wata tsohuwa na suyar awara a gefe. Amma wanda ya kawo ni wurin wani malami ne da ba a cika jin sunansa a bakin mutane ba, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi. Bakatsine ne, masanin lissafi da taurari, ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira yana karantarwa, ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci wanda a ciki ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, har abin da ya yi sama.

Na san da an ce hatimi, zuciyar wasu za ta tafi ga tsibbu da laya, kuma malamai sun daɗe da yin maganarsu a kan wannan. Ni lissafin da ke ciki nake magana. A ɗauki lambobi daga 1 zuwa 9 a zuba su a gidaje tara, ta yadda duk layin da aka haɗa, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da 15. Mai haƙuri zai iya cin karo da amsar ta hanyar gwaji. To a ce gidaje 25 ne, kowane layi ya ba da 65. A nan gwaji ya ƙare, sai ƙa'ida. Abin da irin su al-Kashinawi suka rubuta kenan: fara daga gida kaza, matsa ta nan, in ka faɗa waje ka dawo ta ɗaya gefen, in ka tarar da gida a cike ka yi kaza. Matakai ne a jere waɗanda duk wanda ya bi su zai isa, ko ya fahimci sirrin ko bai fahimta ba. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake kira algoridim a ajin kwamfuta.

Na zana musu ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin a ƙasa da tsinke. A sa 1 a tsakiyar layin sama. Daga nan kullum a hau sama gida ɗaya, a matsa dama gida ɗaya. In an fita ta sama a shigo ta ƙasa, in an fita ta dama a shigo ta hagu. In gidan da za a shiga da lamba a ciki, a sauko ƙasan inda ake. Muka samu 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Yaron nan ya tsuguna ya kalli zanen, ya zaro wayarsa ya buɗe wata manhaja da ake rubuta Python a cikinta, ya shiga dannawa da manyan yatsu biyu. Karon farko ta ba shi kuskure, ya gano cewa ya manta na'ura daga sifili take fara ƙirga. Ya gyara. Kafin a kira magariba wayar ta fitar da hatimi mai gidaje 99 a kowane gefe, kowane layi yana ba da 485,199. Abin da ya rubuta bai cika layi ashirin ba.

"Kawu, wai da gaske ɗan garin nan ne?" ya tambaye ni. Ya ce ya san Alan Turing na Ingila, ya san waɗanda suka kafa Google da Microsoft, amma bai taɓa jin sunan wannan malami ba, ga shi kuwa an haife shi a unguwar da ba ta da nisa da inda muke tsaye. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Ba ina cewa a Katsina aka ƙirƙiro kwamfuta ba, kuma ba na son irin alfaharin nan na wofi da ke hana mutum koyo. Abin da nake cewa shi ne, yaron da ya san kakanninsa sun yi irin wannan tunani, ba zai shiga aji yana jin kayan aro ya zo taɓawa ba. A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar da sabon tsarin manhajar karatu, inda ta ware ilimin kwamfuta ya zama fanni mai cin gashin kansa, da rassa irin su tsaron intanet da injiniyancin manhaja da kimiyyar sarrafa bayanai. A tsarin, hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A cikin kashi talatin ɗin nan akwai wurin da al-Kashinawi zai zauna, ko da darasin mako ɗaya ne.

Washegari na leƙa tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda yanzu gidan tarihi ne. A 1921 aka kafa ta, a ɗakunan ƙasan nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya ta zama Barewa a Zariya. A wancan zamani tsoron boko iyaye ke yi, har ana ɓoye yara. Yau ba wanda ke ɓoye ɗansa don kada a koya masa kwamfuta. Abin da ya rage shi ne a fahimci mene ne karatun, a kuma san kayan da yake bukata.

Kayan kuwa, da dare na ga labarinsu. Akwai wani mai shayi a bakin hanyar Dutsin-ma da ya sa sola, ya jera soket a jikin benci. Samari ne zagaye da shi, 'yan makarantu daban-daban, kowa ya sayi shayi kofi ɗaya ya jona waya ko laftof. Na zauna na sa aka haɗa mini nawa, hira ta ɓarke. Wani ya ce su huɗu ke amfani da laftof ɗaya, sun raba dare kashi-kashi. Wani ya ce tasa ta hannu ce, batirin ya mutu, da an ɗauke wuta take mutuwa da duk abin da bai adana ba. Ƙurar hunturu ma tana toshe fankar na'ura ta sa ta zafi. Sai kuɗin data, wanda ya ƙara nauyi tun da hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Mai koyon rubuta manhaja kuwa ba ya rabuwa da intanet, don a can littattafan suke, a can ake sauko da kayan aiki, a can ake tambaya in an maƙale.

Wani ɗan Funtuwa ya tuna mana da 2021. A watan Satumba na shekarar, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Jibiya da Dutsin-ma, sai a Disamba aka fara mayar da su. Ya ce lokacin yana koyon wani darasi ta intanet, sai ya riƙa hawa mota zuwa inda akwai sabis ya sauko da bidiyon mako guda, ya koma gida ya kalla. Bai gama farfaɗowa ba aka shiga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. "Amma Kawu," ya ce, "a yajin aikin nan na koyi abin da nake ci da shi yanzu." Shafukan intanet yake gina wa 'yan kasuwa, da kuɗin yake biyan rajista.

A nan suka kawo kukan da na sha ji a jami'o'in ƙasar nan, kudu da arewa: a rubuta manhaja a takarda ranar jarrabawa, malami ya duba da jan biro, na'ura ba ta taɓa ganin abin ba. Ra'ayina a kan wannan ya rabu biyu. Rubutu a takarda yana tilasta wa ɗalibi ya bi tunaninsa layi-layi, kuma yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya rubuta wa mutum amsa cikin daƙiƙa, takarda ce ke nuna wanda ya gane da wanda ya kwafo. Amma in aka tsaya a takarda kawai, an zama mai koyon ninƙaya a kan tabarma. Kuskuren da yaron nan ya yi a gindin Gobarau, na mantawa da sifili, na'ura ce ta nuna masa shi nan take, kuma ba zai sake mantawa ba. Ɗalibin da bai taɓa zama ya yi awa uku yana neman inda manhajarsa ta karye ba, bai fara karatun ba tukuna, ko da kuwa sakamakonsa ya yi kyau.

Na kuma zauna da wani mai gyaran waya a cikin gari, wanda ya yi koyon sana'a a kasuwar Farm Centre ta Kano. A sakandare ya tsaya. Yana aiki da ƙarfen narka dalma a ƙarƙashin madubin ƙara girma yana ba ni labari. Ya ce masu digirin kwamfuta suna kawo masa laftof ɗinsu, wasu ko buɗe bayanta ba su taɓa yi ba. Ba da raini ya faɗa ba, don nan take ya ƙara da cewa shi ma akwai inda yake tsayawa: yana iya canja abin da ya ƙone, amma in aka ce ya rubuta manhajar da za ta riƙe masa lissafin shago da bashin da ake binsa, sai ya nemi ɗan jami'a. Na fito daga shagon ina tunanin wata shidan nan na koyon aiki, SIWES, da ake tura ɗalibai kafin shekarar ƙarshe. Da yawa ofis ake kai su inda ba abin da za su yi sai ɗaukar hoton takardu da zaman jiran a tashi. Da za a tura wasu irin wannan shago, ko wurin masu haɗa sola, ko ɗakin ajiye katin marasa lafiya a asibiti, da sun dawo aji da tambayoyin da za su sa malamansu ma su sake buɗe littafi.

Ba a zauna haka nan ba, gaskiya. Jihar tana da cibiyar koyar da fasaha da gudanarwa, KSITM, tun zamanin Ibrahim Shema. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa hukumar fasahar sadarwa ta jiha, KATDICT, bayan hawansa a 2023. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, kuma na haɗu da waɗanda suka shiga. Akwai cibiyoyin matasa irin su Ƙirƙira, inda ake haɗuwa a koya wa juna. Duk alheri ne. Sai dai horon wata uku ba ya maye gurbin tushe, kuma horo ko na shekara nawa ne ba ya riƙe mutum a gari in babu aiki. Waɗanda suka fi ƙwarewa a cikin yaran nan, Abuja da Legas suke kallo, ko su zauna a ɗaki suna yi wa kamfanin wata ƙasa aiki ana biyansu da dala. Ban ga laifinsu ba. Amma ga asibitoci da katunan marasa lafiya a cikin kwali, ga makarantun firamare da rajistar da gara ke ci, ga takardun filaye, ga tsofaffin rubuce-rubucen ajami a gidajen malamai suna jiran a ɗauki hotonsu a adana. In gwamnati da attajiran gari za su riƙa ba 'ya'yansu kwangilar irin waɗannan ayyuka, ko da ƙanana ne, su biya su da mutunci, da karatun hanyar Dutsin-ma ya shigo cikin ganuwa.

Ɗiyar tawa ta ƙara mini da wani abin da ban yi tunaninsa ba. Ta ce ita da ƙawayenta suna ganin wannan fanni ya dace da mace Bahaushiya fiye da yadda ake zato, domin aiki ne da ake iya yi daga ɗakin aure, ba sai an fita kullum ba. Ita burinta tsaron intanet. Abin da ya ja ta kuwa, wata maƙwabciyar gwaggonmu ce da aka kira a waya aka ce daga banki ne, ta karanto lambobin katinta, aka kwashe kuɗin adashinta kaf. Ta ce gargaɗin da bankuna ke turowa da Ingilishi yake zuwa, ɓarawon kuwa da Hausa mai daɗi yake magana.

Ranar komawata ta dace da cin kasuwar Caranci, sai na biyo wani ɗan aji huɗu da na sani a wurin mai shayi. Mahaifinsa dillalin hatsi ne, shi kuma aikinsa na kammala digiri manhaja ce da za ta riƙa sanar da manoma da 'yan kasuwa farashin gero da dawa da masara da wake a kasuwannin jihar. Ya ce rubuta manhajar bai ba shi wuya ba, makonni kaɗan ya yi. Da ya kawo wa mahaifinsa ne aikin ya fara. Tsohon ba ya riƙe babbar waya, ƙarama ce mai madannai, don haka dole a koma ga irin lambobin nan da ake dannawa a duba kuɗin waya, ko kuma saƙon murya. Ba ya karanta boko sosai, ajami yake rubuta lissafinsa da shi. Sannan ga babbar matsalar: yaron ya tsara komai a kan kilo, kasuwa kuwa da tiya da buhu take magana, kuma tiyar wani gari ba ita ce ta wani ba, cikar buhu ma ta danganta da wanda ya ɗinke bakinsa.

Mun sami tsohon a rumfarsa, buhuna jibge a bayansa, ƙura da hayaniyar awo sun cika wurin. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ni ma na miƙa hannu muka gaisa.

"Alhaji, kana ganin abin nan na ɗanka zai yi amfani?" na tambaye shi.

"Ƙwarai kau," ya ce. "Yanzu sai na kira mutum biyar kafin in san yadda kasuwar Dandume ta tashi, kuma kowa da abin da zai faɗa mani. Amma na gaya mashi, in ba ta yi mani magana da Hausa ba, kuma in ba ta san tiya ba, to ya bar ta can makaranta. Sannan wa zai riƙa sa farashin? In dillali ɗaya ne, zai sa abin da ya ga dama."

Yaron ya ce wannan tambayar ta ƙarshe ita malaminsa ma ya yi masa. Shawarar da suka yanke ita ce a riƙa karɓar farashi daga mutum da yawa a kowace kasuwa, a jera su, a ɗauki na tsakiya, don kada ƙaryar mutum ɗaya ta ja sauran. Ya zaro ƙaramin sikeli daga jakarsa, ya roƙi maƙwabcin rumfar ya auna masa tiyar gero, ya ɗora ya rubuta nauyin. Ya sake karɓar ta wani mai awo a layin gaba, ita ma ya rubuta, ya nuna mini bambancin da ke tsakaninsu a kasuwa ɗaya. Ya ce sauran masa Dandume da Mai'aduwa da Jibiya, kuma sai ya gama auna tiyoyinsu zai koma ya sake rubuta sashen lissafin manhajar daga farko. Na bar shi tsugune a gaban mai wake yana jiran a cika masa kwano, ni kuma na fita bakin titi neman motar Kano.